Me zan ba Ummi ta karanta? Ta cinye duk abin da ke gidan

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma ba ta kuɗi ba ce, kada kowa ya gudu. Ummi ce ta sa ni gaba. Shekararta 11, tana aji shida, kuma yarinyar nan ba ta ganin rubutu ta wuce. Takardar da aka ƙunso ƙosai sai ta warware ta, ta karanta, mai ya jiƙa rabin kalmomin amma haka za ta yi ta ƙoƙarin haɗa su, ƙosan na hucewa. Shekaranjiya da aka ɗauke wuta na farka cikin dare na nemi wayata na rasa. Ina leƙa ɗakinsu sai ga haske cikin gidan sauro. Wani littafi ne da aka turo a zauren mata da nake ciki, ta kai shafi na arba'in da wani abu. Da na duba inda ta tsaya sai da gabana ya faɗi. Ban taɓa ta ba, don ni na bar ƙofa a buɗe. Ga hutu ya matso. Don Allah me zan saya mata, na Hausa ko na Turanci, wanda ya dace da shekarunta?

Auta: Anti, kafin komai ki canza lambar sirrin wayar. Kuma kada ki sa shekarar haihuwarta, ta riga ta sani.

Maman Ummi: Kai dai Auta bari. Ita ce fa na sa.

Kawu Malam: Wa alaikumus salam. Wannan ai ba matsala ba ce, arziki ne Allah ya ba ki. Na yi shekara talatin da biyar ina riƙe da alli, yaran da na gani masu irin wannan ƙishi ba su cika hannu biyu ba. Kuma mi kike nema nesa, kina zaune cikin Katsina? Ki fara mata da Magana Jari Ce, littafi na ɗaya, na biyu, na uku, bi da bi. Dalilina shi ne labaran gajeru ne, kowane na tsaye da ƙafarsa, amma akwai igiyar da ta ɗaure su: aku ne ke ba ɗan sarki Musa labari don ya hana shi fita, saboda makircin da Waziri ya ƙulla. Yaro zai gama labari guda ya ce bari in ga ko yau Musa zai fita, sai ya tsinci kansa cikin na gaba. Wannan dabarar ce ke riƙe yaro mai shekara 11. Idan ta gama sai Ruwan Bagaja. Shi Alhaji Abubakar Imam a nan garin ya yi Kwalejin Katsina, yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933, lokacin shekararsa 22 kacal. Ki faɗa mata haka. Ki ce mata saurayi ne ya rubuta, ba tsoho ba.

Yaya Babba: Kawu an taɓo inda yake masa ƙaiƙayi. Yau ba barci.

Kawu Malam: Kai ka yi shiru, akwai maganar da ke tsakanina da kai, za mu zo kanta.

Anti Malama: Kawu, Allah ya ƙara girma, ban ƙi taka ba, amma a duba wani abu. Yarinyar nan jarrabawar shiga sakandare ke gabanta, kuma da Turanci za a yi mata ita. Hausa tana gida, tana titi, tana rediyo, ba inda za ta je. Abin da nake gani a aji kullum shi ne yaro ya iya lissafi amma ya faɗi saboda bai gane abin da tambayar ke nufi ba. Tunda Allah ya sa tana son karatu, a yi amfani da damar. Maman Ummi, nemo mata Chike and the River na Chinua Achebe. Yaron cikin labarin ma shekararsa 11, burinsa kawai ya samu sisin da zai biya jirgin fito ya ƙetare Kwara daga Anacha zuwa Asaba. Turancinsa mai sauƙi ne, ba ta buƙatar ƙamus kowane layi. Sai Sugar Girl na Kola Onadipe, labarin yarinya Ralia da ta ɓace a daji. Sai Without a Silver Spoon na Eddie Iroh, da Eze Goes to School. Duk ƙanana ne, kowane kwana biyu ya ishe ta.

Kawu Malam: Malama, jin Hausa daban, karanta ta daban. Kawo mini ɗalibanki goma in ba su alli su rubuta "ƙofa" da "kofa", ko "ɓata" da "bata", ki sha kallo. Dubi yadda ake rubutu a zauren nan ma, sai mutum ya karanta saƙo sau uku kafin ya gane ko gaisuwa ce ko faɗa. Kuma yaron da ya saba bin labari mai tsawo da harshen da yake mafarki da shi, idan ya koma Turanci kalmomi kawai zai nema, ya riga ya san yadda labari ke tafiya.

Anti Malama: Ai ban ce a hana ta ba, Kawu. Cewa na yi kada a cika mata ciki da tuwo har ta kasa cin shinkafa.

Yaya Babba: Ni dai abin da na tuna na ji daɗinsa muna yara shi ne Dare Dubu da Ɗaya. A saya mata shi, zai riƙe ta har hutu ya ƙare.

Kawu Malam: A'a! Maman Ummi kada ki kuskura. Fassarar Hausar nan ba ta yara ba ce, akwai wuraren da ko babba sai ya waiga ya ga ko wani na kallonsa. Kai kuma yanzu na gane abin da kake karantawa a bayan rumbu lokacin da kake cewa bitar Tarihi kake yi.

Yaya Babba: Na janye. A yafe mini.

Auta: To ni zan faɗi nawa ko da za a kore ni daga zauren. Harry Potter. Ni a aji ɗaya na sakandare na fara shi, kuma shi ne littafin da ya fara hana ni barci. Guda bakwai ne, kauri kamar bulo, in ta shiga ciki kin huta da sayen littafi har shekara. Yaron ma yana da shekara 11 a na farkon.

Baban Khalifa: Auta, ji tsoron Allah. Ana neman a raba yarinya da wata ɓarna kai kuma ka kawo makarantar koyon sihiri? Wanda zai shiga gidana da wannan littafin sai dai ya bar shi a zaure.

Auta: Yaya, da girmanka, to Ruwan Bagaja fa? Aljanu ne fal a ciki. Gandoki ma daga yaƙi da Nasara sai ga shi a ƙasar aljanu. Iliya Ɗan Maiƙarfi kuwa kar a yi magana. Ko aljanin da ya ji Hausa ya halatta, wanda ya ji Turanci ne haramun?

Baban Khalifa: Kada ka mayar da maganar wasa. Aljani halitta ce, mun yarda da samuwarsa, har sura guda ke ɗauke da sunansu. Ambaton aljani a labari daban, a zaunar da yaro a nuna masa cewa matsafi shi ne gwarzo, kuma tsafi fanni ne da ake zuwa makaranta a koya har a ba da sakamako, wannan daban. Yaro mai shekara 11 abin da ya burge shi shi yake son zama. Ni shawarata, Maman Ummi, tunda tana Islamiyya, ki nemo mata Ƙasasun Nabiyyin na Shaihu Abul Hasan Nadwi, malamin nan na Indiya. Don yara ya rubuta shi, ɗan ɗan'uwansa ma ya rubuta wa. Larabcin gajerun jimloli ne, ya fara da ƙissar Annabi Ibrahim da gumaka. Tana jin daɗin labari, tana ƙaruwa da Larabci. Ƙissar Annabi Yusuf kaɗai ta ishi mai son labari: rijiya, fatake, kurkuku, mafarki, mulki.

Anti Malama: A kan Nadwi na goyi bayanka ɗari bisa ɗari. A kan na Auta kuwa ni damuwata wata ce daban. Yaran cikin littafin girma suke yi, daga 11 har 17, labarin kuma na ƙara duhu, ana kashe-kashe, ana soyayya. Waɗanda suka karanta shi lokacin da yake fitowa sun yi ta jiran shekara da shekaru tsakanin wani da wani, suna girma tare da shi. Ummi kuwa yadda aka kwatanta ta, wata biyu za ta haɗiye bakwai ɗin. Ko a gidan da ba a ƙi shi ba, ba na ba yarinya duka a lokaci guda.

Auta: To na ji. Amma a rubuta a ajiye, ba a amsa tambayata kan Iliya ba.

Kawu Malam: Zan amsa maka, kuma amsar za ta ba ka mamaki, don rabinta taka ce. Iliya Ɗan Maiƙarfi da Ahmadu Ingawa ya rubuta, asalin labarin na mutanen Rasha ne, wani gwarzonsu da ya tashi gurgu sannan ya samu ƙarfi. Magana Jari Ce kanta, Imam ya ɗebo daga Larabawa, ya ɗebo daga Indiya, ya ɗebo daga tatsuniyoyin Turawa. Amma ya zauna ya ɗinka musu riga da wando, ya naɗa musu rawani, har ka rantse Kalala na cikin labaran a bayan gidanku yake. Saboda haka ni ban ce kada yaro ya karanta na waje ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne an daina ɗinkin. Yanzu sai dai a miƙo wa yaro da kayan da ya zo da su.

Gwaggo ta Daura: Salamu alaikum. Jikata ce ke rubuta mini, ni ba na ganin ƙananan baƙaƙen nan. An karanta mini duk abin da kuka ce. Ku duka maza kuke ta lissafowa, Musa, Iliya, Gandoki, wane da wane. Yarinya mace ba za a ba ta 'yar'uwarta ba? Kai Malam, kana ta Ruwan Bagaja, Ruwan Bagaja. Tun kafin a haifi mai littafin muke da Ruwan Bagaja a bakin iyayenmu, kuma mace ce ta je. 'Yar bora ce aka ɗora wa laifin jiƙa kirgi, aka ce ba inda za ta wanke shi sai can. Ta kama hanya ita kaɗai, ta wuce abin da ta wuce ba ta sa hannu ba, ta iske cinya da kare ta gaishe su da ladabi ba ta yi dariya ba, ta dawo da arziki. 'Yar mowa ta ce ita ma sai ta je, kun san yadda ta ƙare. A turo mini kishiyar tawa hutun nan. Da dare in ba ta wannan, da safe in kai ta Kusugu ta leƙa rijiyar da idonta, in gaya mata garin nan mata suka fara mulkinsa kafin Bayajidda ya zo ya iske Daurama.

Maman Ummi: Gwaggo, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wallahi kin taɓo abin da ban iya faɗa ba. Kwanaki ta tambaye ni wai me ya sa a labarai mace kullum ko ana aurenta ko ana sace ta. Na rasa amsa na ce ta je ta wanke kwanuka.

Kawu Malam: Yaya, na karɓi gyara. Kuma tatsuniyoyin nan an rubuta su. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara su cikin Tatsuniyoyi da Wasanni, ƙananan littattafai shida. Sai dai ga mai shekara 11 da ta saba da dogon labari, za ta lashe su kamar alewa, ba za su kai ta ko'ina ba. A haɗa mata da su dai.

Maman Khalifa: Ni fa tun ɗazu ina karantawa ina shiru, amma bari in faɗi abin da na lura. Duk littafin Hausar da aka ambata a nan ya girmi kowa a zauren in ban da Kawu da Gwaggo, wasu ma sun girme su. Ruwan Bagaja da Gandoki da Shaihu Umar na 1934 ne. Magana Jari Ce kafin yaƙin Hitila. To daga nan fa? Yarinya ta gama tatsuniya, ta gama Imam, sai me? Babu komai a tsakani sai ta faɗa littattafan soyayya. Ni haka aka yi da ni. Ina aji biyu na sakandare akwai wani mai ɗan kanti a unguwarmu da ke ba da hayar littafi kwana ɗaya, kuɗin tarata can yake tafiya, in sa littafin cikin na Kimiyya ina karantawa. Kuma ba zan zage su ba, da su na iya karanta Hausa da sauri, da yawan matan da na sani ma haka, wasunsu kuma sun faɗi gaskiyar zaman gidan aure da ba wanda ke faɗa. Amma don manya aka rubuta su. Na wancan lokacin ma da kunya, ana bugawa a takarda, marubuciya ta san mahaifinta na iya gani. Na waya yanzu ba mai tacewa. Ummi ba lalacewa ta yi ba, yunwa ce ta kai ta, ta ci abin da ta samu a tukunya.

Anti Malama: Wannan ita ce maganar. Shi ya sa nake tura nawa ɗaliban ga Turanci, ba don na raina Hausa ba. A can akwai matakala, littafin ɗan shekara 8 daban, na 11 daban, na 14 daban. Mu namu daga tsani na biyu sai ka yi tsalle zuwa na goma.

Kawu Malam: Akwai 'yan kaɗan a tsakanin, ba a dai sake buga su yadda ya kamata. Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a wata, yaro ne Bahaushe aka yi tafiya da shi sararin samaniya. Auta, ga naka nan ba tsafi. Akwai Ikon Allah da Imam ya yi tare da Baturen nan Rupert East, kan halittu da yadda duniya ke aiki, ga yaro mai yawan tambaya. Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa kuma, tunda Yaya ta yi maganar mata, ku tuna uwar Umar. Ita ce ta bar gida ta bi sawun ɗanta da aka sace, har ita ma ta faɗa hannun masu bauta, ta ƙetare Sahara. A wurina ita ce jarumar littafin. Sai dai yana da ban tausayi ƙwarai, ki karanta shi tare da ita, ko ki bari sai baɗi. Jiki Magayi kuwa a ajiye shi tukuna, ɗaukar fansa ce tun daga farko har ƙarshe.

Anti Malama: Haka The Passport of Mallam Ilia na Ekwensi. A Arewa labarin yake, za ta ji sunayen da ta sani, amma shi ma fansa ce da zubar da jini. Sai ta shiga sakandare.

Maman Ummi: To ina ake samun na ƙwarai? Bara na saya wa yayanta Magana Jari Ce na ɗaya a wani shago cikin kasuwa. Bango mai sheƙi, na ce na dace. Muna zuwa gida muka tarar shafi goma sha shida sun maimaitu, wasu goma sha shidan babu su sam, tawadar kuma ta kwanta kamar an wanke ta. Labari na tsaka da daɗi sai ka ga ka koma inda ka fito. Na mayar, mai shagon ya ce shi ma haka aka kawo masa.

Yaya Babba: Na jabu ne, masu satar bugu. Na asalin kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ke fitar da su. Ki riƙa buɗewa a gaban mai shago kina bin lambar shafi ɗaya bayan ɗaya, ko zai ɓata rai. Ki duba hotunan ciki ma, in kin ga aku ya zama baƙin dunƙule kamar an ɗiga kwalta, ajiye masa abinsa. Ina da tafiya Zariya ranar Laraba, in kin shirya in duba miki can.

Kawu Malam: Ba sai an je Zariya ba. Ina da su cikin adaka tun na zamanin da ake sayarwa da sule, na sa musu kanumfari da ganyen darbejiya saboda gara. Na ɗaya na nan, na uku na nan. Na biyu ne babu. Wani ya are shi shekarar da aka ƙirƙiro jihar Katsina, 1987, ya ce kwana uku zai yi. Ita ce maganar da na ce za mu zo kanta.

Auta: Yaya Babba ya fita daga kan layi.

Yaya Babba: Ban fita ba, caji ne. Kawu, wallahi yana nan. Bangon ne kawai ya cire, kuma akwai wurin da miya ta ɗan taɓa.

Baban Khalifa: Shekara talatin da wani abu, kwana uku ba su cika ba. Maman Ummi, Nadwin ni zan kawo, akwai na Khalifa ya gama da juzu'i na farko. Sharaɗina ɗaya, duk abin da za a ba ta, wani babba ya riga ta leƙawa. Ko na Kawu ne.

Kawu Malam: Ban ƙi ba. Cikin labaran Imam ma akwai biyu ko uku da in na zo karanta wa 'yan aji nake tsallakewa. Ki aiko ta ranar Asabar da hantsi ta ɗauka da hannunta, ina son in ga wanda za ta fara kai wa hannu. In da hali kuma mu biya tsohon ginin Kwalejin da aka mayar gidan tarihi, ta ga azuzuwan da Imam da Tafawa Ɓalewa suka zauna.

Maman Ummi: Salamu alaikum, na dawo da rahoto bayan kwana goma. Kawu ya shimfiɗa mata littattafai a tabarma, ta tsallake Magana Jari Ce ta ɗauki Ruwan Bagaja, wai shi ya fi sirantaka za ta gama ta dawo ta ɗauki wani kafin Kawu ya canza ra'ayi. Kwana ɗaya da wuni ta yi. Abin dariya, ita ba Alhaji Imam jarumin labarin take so ba, abokin hamayyarsa Malam Zurƙe take goyon baya, ta ce shi ma Alhajin ai macuci ne, don dai shi ke ba da labarin ne. Chike ta gama shi, ta ce yana da daɗi amma ya yi kaɗan. Yanzu tana tsakiyar Magana Jari Ce na ɗaya, ta ware bayan wani tsohon littafin rubutu tana tara kalmomin da ba ta sani ba, sun kai talatin. Na amsa biyar, babanta ya amsa bakwai, sauran mun ce ta kai wa Gwaggo. Jiya kuma na ga ta ɗinke takardu da zare da allura, ta rubuta suna a sama ta ɓoye ƙarƙashin katifa. Ban buɗe ba.

Anti Malama: Kada ki buɗe. Ki dai saya mata biro mai kyau.

Gwaggo ta Daura: A sa ta a motar Juma'a da safe, direban ya sauke ta a tasha, za a je a ɗauko ta. Ta taho da takardar kalmomin.

Kawu Malam: Nan da kwana huɗu za ta gama na ɗaya. Babba, ina jiran na biyu kafin la'asar ɗin gobe, da bango ko ba bango.

Yaya Babba: Kawu, a ƙara mini kwana uku. Na buɗe shi don in kaɗe ƙura, yanzu ina shafi na sittin.